Rahoton Ayyukan Shekarar 2024 ga Membobin Reshenmu na Ƙungiyar Likitocin Gashin Ƙashi (Physiotherapy)

Assalamu alaikum. Manyanmu da abokan aiki, kwamitin zartarwa yana gabatar muku da rahoton abin da aka gudanar a shekarar 2024, kuma mafi yawansa ya ta'allaƙa ne a kan tambayar da ta fi ci mana tuwo a ƙwarya, wato wa zai riƙe ragamar wannan sana'a idan masu riƙe da ita yanzu suka ajiye aiki.

Dalilin damuwar a bayyane yake. Dattawan da suka kafa sassan gashi a asibitocinmu suna ta yin ritaya, da dama daga cikin waɗanda ya kamata su gaje su kuma sun tafi Ingila, Kanada ko Saudiyya neman abin kansu. Sai a wayi gari an damƙa wa matashin da bai daɗe da gama hidimar ƙasa ba sashe sukutum. Ya iya duba mai shanyewar ɓarin jiki, ya iya koya wa mai karaya taka ƙafa da sanda, amma bai taɓa tsara kasafin kuɗin sashe ba, balle ya tsaya gaban hukumar asibiti ya kare buƙatarsa. Saboda haka muka haɗa kowane ƙaramin memba da ya nuna sha'awa da wani babba da zai riƙa jan hannunsa. A zaman horaswa an sa kowannensu ya rubuta takardar neman kayan aiki, kamar ƙarafan riƙo na koyon tafiya, kuma kusan duk takardun sun dawo da jan biro ɗauke da tambayoyi iri ɗaya: marasa lafiya nawa ke jira, nawa ne kuɗin, me zai same su idan ba a saya ba. A ganin kwamiti, wannan shi ne aiki mafi amfani da muka yi a bana.

Ranar 8 ga Satumba, wadda ake ware wa sana'armu a duniya tun 1996, takenta na 2024 shi ne ciwon baya. Da gangan muka bar wa matasa shirin gaba ɗayansa. Sun yi bayani a gidan rediyo, sun kuma je tasha da kasuwa inda suka nuna wa 'yan dako yadda ake durƙusawa a ɗauki buhu da ƙarfin ƙafa maimakon a sunkuya, suka kuma shawarci direbobi da teloli su riƙa miƙewa suna ɗan takawa a tsakanin aiki.

Inda muke da rauni shi ne biyan kuɗin ƙungiya. Wasu suna ganin tunda sun sabunta lasisinsu a MRTB, hukumar da ke yi wa masu sana'armu rajista, wadda doka mai lamba 38 ta 1988 ta kafa, sun sauke nauyi. Lasisi izinin yin aiki ne, ba shi zai yi magana da yawunka ba idan ana batun ƙarin girma ko ɗaukar sababbin ma'aikata. Wannan aikin uwar ƙungiyarmu ta ƙasa ne, NSP, wadda aka kafa a 1959, kuma ta hanyarta muke da kujera a ƙungiyar likitocin gashi ta duniya da ke nan tun 1951. Abokan aikinmu na asibitocin ƙananan hukumomi sun koka cewa nisa da tsadar mota suna hana su zuwa taro, kuma kukansu gaskiya ne, don haka an fara haɗa su ta intanet.

A shekara mai zuwa kwamiti yana ba da shawarar a ware wa ƙananan membobi gurbi a kowane ƙaramin kwamiti, za kuma a kawo batun gaban babban taro domin amincewarku. Wanda ake bi bashin kuɗin ƙungiya ya tuntuɓi ma'aji kafin ranar taron.

Sakataren reshe, a madadin kwamitin zartarwa