Rigar ceto mai hura iska ba ta kowane fasinja ba ce

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku mai farin jini domin in ja hankalin 'yan fito, masunta da shugabannin ƙungiyoyinsu a Kaduna game da irin rigar ceton da ya kamata su saya, tun kafin ruwan damina ya cika Kogin Kaduna. Wannan kogin namu yana faɗawa cikin Kogin Neja ne kusa da Patigi, yankin da kifewar jirgi ta hallaka mutane fiye da 100 a watan Yunin 2023, yawancinsu masu dawowa daga biki. Hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida ta ƙasa, wato NIWA, ta daɗe tana cewa kada wanda ya shiga jirgi ba tare da rigar ceto ba, kuma gaskiyarta. Sai dai rigunan iri-iri ne.

Mai hura iska tana da ban sha'awa, domin ba ta da nauyi, ba ta kawo zafi, kuma ba ta hana mutum tuƙi ko jefa taru. A jikinta akwai 'yar silindar gas wadda ke kumbura ta. Wata sai an ja igiya, wata kuma da kanta take kumbura idan ruwa ya jiƙa wani ƙwaya da ke cikinta ya narke. Matsalar mai igiya ita ce, wanda ya faɗa ruwa a firgice, ko kansa ya bugu da katakon kwalekwale ya suma, ba zai iya jan komai ba, rigar kuwa ba za ta ɗaga shi ba matuƙar ba ta kumbura ba. Shi ya sa a Amurka aka daɗe ba a amince wa yaron da bai kai shekara 16 ba ya dogara da ita, kuma ba a shawartar wanda bai iya iyo ba ya sa ta. Mu kuwa waɗanda ake ƙetarawa da su kullum mata ne da goyo, da 'yan makaranta, da tsofaffi.

Saboda haka ra'ayina shi ne a saya wa fasinjoji mai soso, wadda ke ɗaga mutum nan take ba tare da ya yi komai ba, a kuma tanadi ƙanana daidai jikin yara. Mai hura iska a bar wa matuƙi da masunci da suka ƙware a ninƙaya.

Shi ma wanda zai saye ta ya duba lambar da ke jiki. Mai lamba 150N an ƙera ta ne domin ta juyo da fuskar wanda ya suma sama, mai 50N kuwa taimakon iyo ce kawai. Ya tabbatar tana da maɗaurin da ke bi ta tsakanin cinyoyi, domin kada ta zame ta kai, sannan ya tambayi mai shago ko yana sayar da silindar canji, tunda sau ɗaya kowace take aiki. Lokaci-lokaci a hura ta da baki ta bututun da ke jikinta, a bar ta ta kwana, idan ta sace da safe to tana yoyo. Silindar da ta yi tsatsa a sauya ta, kuma kada a ajiye mai kumbura kanta a jiƙaƙƙen ƙasan kwalekwale.

Ina kira ga sarakunan ruwa da masu raba tallafi su nemi shawarar masana kafin su kashe kuɗin jama'a a kan riguna.

Naku,
Wani mai karatu daga Kabala, Kaduna