Rahoton Ayyukan Shekara: Bitar Magungunan Farfaɗiya da na Barci

Assalamu alaikum, 'yan uwa ɗalibai.

Kamar yadda babban taro ya ɗora mana, bana kwamitin ilimi ya karkata zaman bitar ƙarshen mako zuwa magungunan farfaɗiya da na barci, domin nan ne 'yan uwanmu suka fi jin tsoro idan an tura su ɗakin marasa lafiya.

Mun faro da GABA, sinadarin da ke lafar da ƙwaƙwalwa. GABA yana yin haka ne ta buɗe ƙofar da gishirin kulorayid ke bi ya shiga ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Maganin dayazifam yana sa ƙofar ta riƙa buɗewa akai-akai, maganin finobabiton kuwa yana sa ta daɗe a buɗe. A nan muka fi ɗaukar lokaci, kuma ya dace, saboda haɗa su biyun, ko haɗa ɗayansu da kodin ko barasa, yana iya tsayar da numfashi. Mun nanata cewa jijjigar da ta wuce minti 5 ba a jira ta lafa da kanta, kuma allurar dayazifam a tsoka ba ta ratsa jiki da wuri. Ta jijiya ake ba da shi a hankali, yaro kuma ta dubura idan ba a samu jijiya ba.

Fenitoyin ya jawo muhawara, don idan hanta ta ƙoshi da shi, ƙari kaɗan sai ya taru a jini. Ɗaliban ungozoma su suka jagoranci zama kan balfurowet, mai iya nakasa ɗan tayi, da kabamazafin, mai rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa. Sun kuma yi gwajin ba da magniziyam salfet ga mai juna biyu da ke jijjiga: a duba numfashi, fitsari da motsin gwiwa, kalsiyam gulukonet, makarinsa idan ya yi yawa a jiki, na kusa.

A watan Fabrairu, albarkacin Ranar Farfaɗiya ta Duniya, mun shiga unguwanni. Har yanzu ana tura cokali a bakin mai jijjiga, ana kuma gudun yawunsa, alhali ciwon ba ya yaɗuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 70 cikin 100 na masu farfaɗiya za su iya daina faɗuwa idan sun samu magani yadda ya kamata. Wannan adadi ya tsaya mana a rai.

Baɗi, in Allah ya kai mu, za mu taɓo shaye-shayen ƙwayoyin barci tsakanin matasa. Ma'aji zai karanta bayanin kuɗi a babban taro. Masu bashin kuɗin wata su daure su biya kafin ranar.

Wassalam,
Sakataren ƙungiya