Masu neman tallafin fasaha, ku duba lissafinku

Ranka ya daɗe Edita,

Ka ɗan ba ni fili. Bana aka sa ni cikin masu tantance takardun neman tallafin ayyukan fasaha na al'umma, ni da na sha nema ana mayar da ni hannu rabbana. Kafin in buɗe takarda ko ɗaya sai da na sa hannu cewa zan janye daga duk wadda na san mai ita. Na kuwa janye daga ta wani tsohon ɗalibina.

Wata takardar har yanzu tana ci mini rai. Mai zane ce ke son koya wa yara kurame zanen bango, hotunan aikinta kuma sun kai duk inda ake so. Amma kuɗin fenti da ta rubuta a shafi na 2 ya saɓa da na shafi na 5, kuma ba ta faɗi wanda ya ba ta izinin bangon ba. Na kare ta a zaman kwamiti har murya ta dishe, makinta bai kai ba.

Don Allah, kafin ku miƙa, ku ba wani ya sake tara muku lissafin.

Naka,
Wani malamin zane