Kafin ka kira kanka jami'in walwalar jama'a a Ingila, sai sunanka ya shiga rajista

Malam Edita, assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a jaridarka mai albarka domin mu ja hankalin 'ya'yanmu da ƙannenmu da ke karatun aikin walwalar jama'a a jami'o'in Ingila, da iyayen da suka sayar da fili ko gona suka tura su. Da yawa suna ɗauka cewa ranar da sakamako ya fito, ranar za a fara aiki. Ba haka abin yake ba. Tsakanin kammala karatu da karɓar albashin farko akwai wata ƙofa, ita ce rajista, kuma abin takaici shi ne yawancin masu makalewa a bakinta ƙananan kurakuran takarda ne ke tsayar da su.

A Ingila doka ce ta kare sunan wannan aiki, wato social worker a Turance. Duk wanda ya kira kansa da shi alhali sunansa ba ya cikin rajista, ya aikata laifi. Hukumar da ke riƙe da rajistar ita ce Social Work England, mai hedikwata a birnin Shefil, wadda dokar 2017 ta kafa, ta kuma karɓi aikin daga hannun HCPC, hukumar rajistar ma'aikatan lafiya da kulawa, ranar 2 ga Disamba 2019. Ikonta a Ingila kaɗai ya tsaya: Sikotlan da Wels da Ailan ta Arewa kowacce da tata hukumar, don haka wanda ya samu aiki a Gilasgo ba nan zai nema ba. Ko a gida Najeriya ma an kama wannan hanya, tun da aka sa hannu a dokar kafa majalisar kula da wannan aiki a 2022, kuma muna maraba da hakan, domin aikin da ake shiga gidajen mutane a yanke shawara kan 'ya'yansu bai kamata a bar shi ga kowa da kowa ba.

Abu na farko, tun kafin a biya kuɗin makaranta, a duba ko kwas ɗin yana cikin jerin waɗanda hukumar Social Work England ta amince da su. Jerin yana shafinta na intanet. Akwai digiri masu kama da juna a suna, kamar na kula da lafiya da zamantakewa ko na nazarin yara, waɗanda ba sa kai mutum ga rajista ko da ya fita da sakamako mafi daraja. Kwas ɗin da aka amince da shi ana gane shi da kwana 200 na koyon aiki a fili, wanda har kwana 30 daga ciki za su iya zama na horon ƙwarewa a makaranta, sauran kuma galibi a raba su gida biyu, kwana 70 da kwana 100.

Bayan kwamitin jarrabawa ya zauna ya tabbatar da sakamako, jami'a ce ke aika wa hukumar sunayen waɗanda suka ci. Da wannan jerin ake gwada takardar neman kowa. Wanda ya yi gaggawar nema kafin sunansa ya isa, ko wanda ke da ragowar aiki ɗaya da zai sake rubutawa, takardarsa ba za ta motsa ba. Saboda haka a tambayi ofishin sashe ranar da kwamitin zai zauna da ranar da za a aika jerin. Ba sai an jira bikin yaye ɗalibai ba, wanda kan zo watanni bayan haka.

Nan ne muke so mu daɗe, domin nan ne mutanenmu suka fi tuntuɓe: suna. Ɗauki fasfo ka ajiye kusa da katin makaranta da takardar banki, ka bi su harafi bayan harafi. A fasfo an rubuta Muhammad, a jami'a Mohammed, a banki kuma Muh'd. Ko a wata takardar sunan garinsu ne ya zama sunan ƙarshe, a wata kuma sunan mahaifi. Ko budurwa ta shiga makaranta da sunan mahaifinta, ta fito da na mijinta. A wurinmu duk mutum ɗaya ne, kowa ya san shi. Ma'aikacin da ke zaune gaban kwamfuta a Shefil kuwa mutum biyu ko uku yake gani, kuma ba zai yi zato ba, zai rubuto ne ya nemi hujja. A gyara sunan a ofishin rajistar jami'a tun ana cikin zangon ƙarshe, ya dace da na fasfo, a kuma tanadi takardar aure ko ta sauya suna idan akwai. Shaidar adireshi ita ma ta zama ta kwanan nan, sunanka a kai, ba na abokin da kuke haya tare ba. Hoton takarda kuma a ɗauke shi da haske, kusurwa huɗu duk a fito, kada babban yatsa ya rufe lambar fasfo.

Sai sashen bayyana gaskiya, inda ake tambaya ko an taɓa yanke maka hukunci ko 'yan sanda sun yi maka gargaɗi a rubuce, ko wata hukumar sana'a ko wurin aiki sun taɓa ladabtar da kai, ko kana da rashin lafiyar da ke iya shafar aikinka. Kunya da gudun tonon asiri kan sa wasu su ce babu. Wannan babban kuskure ne. Hukumar tana duba kowane lamari da nauyinsa: yaushe ya faru, me ya jawo shi, me mutum ya yi a kai tun daga lokacin. Ciwon da ake shan magani ana kula da shi ba ya hana rajista. Abin da ke kashe sana'a shi ne ɓoyewa, domin mai ɗaukar aiki zai yi nasa binciken ta hukumar DBS mai binciken tarihin laifuka, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda aka gano ya samu rajista da bayanin ƙarya ana iya cire sunansa. A rubuta abin da ya faru a taƙaice, da kwanan wata, a haɗa da takardun kotu ko na likita. Wanda ya daɗe yana zaune a Najeriya ko Nijar kafin ya zo, ya nemi takardar shaidar hali daga 'yan sandan can tun da wuri, don samunta daga nesa yana cin lokaci.

Takardar da ta cika ba ta daɗewa. Amma da zarar an nemi ƙarin bayani, akwai wa'adi, kuma saƙon ta imel yake zuwa. Kada a yi amfani da imel ɗin jami'a, domin ana rufe shi bayan kammala karatu, saƙon hukuma ya faɗa rijiya. Ga mai zaman bizar bayan karatu, kowane mako da aka ɓata daga cikin kwanakinsa ake cirewa. Idan ƙaramar hukuma ta ba da aiki kafin lambar rajista ta fito, ana iya farawa a matsayin mataimaki, ba da cikakken sunan aikin ba.

Wanda ya yi jinkiri har shaidar karatunsa ta haura shekara 5 bai yi rajista ba, sai ya nuna kwana 60 na sabunta ilimi da ƙwarewa. Wanda kuma a gida ya yi digirinsa, hanyarsa daban ce: akwai kuɗin tantancewa mai nauyi da ba a mayarwa, ana gwada manhajar karatunsa da ta Ingila, kuma idan aka nemi jarrabawar Turanci ta IELTS, maki 7.0 ake so.

Kada kuma a haɗa rajista da shirin ASYE, wato shekarar farko ta aiki ƙarƙashin kulawa. Wannan na mai ɗaukar aiki ne, kuma sabon ma'aikaci ya tambaya tun a wurin ganawa ko za a rage masa yawan al'amuran mutanen da zai riƙe, ko kuma zai riƙa zama da mai kula da shi kowane mako a makonni shidan farko, kamar yadda aka tsara.

Shekarar rajista tana ƙarewa ranar 30 ga Nuwamba, ana buɗe sabuntawa daga 1 ga Satumba. Wanda ya samu lambarsa a Yuli, bai gama murna ba lokacin ya zo. Ana biyan kuɗin shekara, ana kuma rubuta aƙalla abu biyu da mutum ya koya, ɗaya daga ciki wanda ya tattauna da abokin aiki. Wanda ya bari wa'adin ya wuce, sunansa zai fita, aiki ya tsaya har sai ya nemi a maido shi da ƙarin kuɗi.

Malam Edita, muna roƙon a buga wannan kafin watan Yuni, lokacin da kwamitocin jarrabawa ke fara zama. Mun gode, Allah ya ƙara basira.

Naku,
Wasu jami'an walwalar jama'a, daga Ingila