Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Kwamishinan Lafiya na Jihar Sakkwato kan Zuciyar Jarirai

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Zuciyar ɗan tayi tana fara bugawa wajen kwana 22 da shigar ciki, lokacin uwa ko ɓatan wata ba ta gama tabbatarwa ba. A nan ɗan bututu ce kawai. Sai ta lanƙwashe, ta rabu ɗakuna huɗu, kafin mako 8 ya cika an gama babban aikin. Matanmu kuwa da yawa sai ciki ya fito suke zuwa awo.

Ƙwayoyin halittar gado ne ke jan ragamar wannan aiki. Akwai NKX2-5, wadda aka fara gano 'yar'uwarta a jikin wani ɗan ƙaramin ƙuda: in ya rasa ta, zuciya ba ta samuwa a jikinsa sam. Irinta ce ke aiki a kifi da kwaɗo da kaza da ɓera, har mu. A 1998 masana suka nuna cewa tangarɗa a cikinta na sa a haifi yara da huji tsakanin ɗakunan zuciya na sama. TBX5 kuma hannu da zuciya take tsarawa tare, shi ya sa jaririn da ya zo da naƙasar babban yatsan hannu ya kamata a duba ƙirjinsa, ko da ana ganinsa garau. Ungozomominmu nawa aka gaya wa haka?

Gado ba a hannun ma'aikatarka yake ba, na sani. Amma ciwon suga da ba a kula da shi ba a jikin uwa, da rubella, wata cuta mai kama da ƙyanda, in ta kama mai ciki, su ma suna dagula wannan aiki a waɗannan makonnin. Don haka a sa gwajin suga cikin gwaje-gwajen kafin aure, a kuma tabbatar 'yan mata sun samu rigakafin rubella tun suna ƙanana.

Kusan jariri 1 cikin 100 ake haifa da matsalar zuciya a duniya. Wani sai ya kasa kama nono, yana haki, leɓensa ya yi shuɗi, a gida a ce iska ce. 'Yar na'urar da ake maƙala wa jariri a hannu da ƙafa don auna yawan iskar oksijin a cikin jini ba ta da tsada, kuma tana kama da dama daga cikin masu haɗari bayan kwana ɗaya da haihuwa. Muna roƙon a kai ta kowane ɗakin haihuwa, daga Illela har Tambuwal, a koya wa ma'aikata aiki da ita, a kuma tanadi motar da za ta kai wanda awonsa ya yi ƙasa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a ranar.

Allah ya yi maka jagora.

Wani malamin ilimin halittu,
Sakkwato