Maɗaurin kwamfutar nutso: kira ga 'yan'uwanmu masu aiki a gaɓar Bahar Maliya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon a ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da zai yi wa masu karatu na gida kama da baƙon zance, alhali ya shafi lafiyar 'yan'uwanmu da ke neman abinci a gaɓar Bahar Maliya, daga Jidda da Yanbu har zuwa Port Sudan a ɗaya tsallaken. Akwai matasanmu da ke aiki a shagunan kayan nutso da kuma jiragen da ke kai baƙi cikin teku. Wasu cika tulun iska suke yi, wasu wankin kaya, wasu kuma Allah ya taimake su sun samu takardar shaida har suna jagorantar mutane a ƙarƙashin ruwa. Ni ma a wannan sana'a nake, a yankin Obhur da ke arewacin Jidda, inda nake kula da kaya da gyaransu. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda ake raina maɗaurin kwamfutar nutso, da irin gyaran ganganci da ake yi masa idan ya tsinke.

Ga wanda bai san ta ba, kwamfutar nutso na'ura ce da ake ɗaurawa a wuyan hannu kamar agogo. Aikinta shi ne auna zurfi da lokaci, sannan ta lissafa yawan iskar naitirojin da jikin mai nutso ya sha. Duk mita 10 na ruwan teku yana ƙara matsi daidai da na iskar da muke ciki a kan tudu, saboda haka wanda ya kai mita 30 yana ƙarƙashin matsin da ya ninka na sama sau 4, kuma jikinsa yana shan naitirojin gwargwadon haka. Idan ya taso da sauri, ko ya wuce lokacin da ya kamata, iskar takan zama kumfa a cikin jini da gaɓoɓi, abin da kan jawo ciwon gaɓoɓi mai tsanani, ko shanyewar jiki, ko ma rasa rai. Kwamfutoci da yawa suna amfani da lissafin likita Albert Bühlmann na birnin Zurich a ƙasar Suwizalan, kuma su ne ke gaya wa mutum minti nawa ya rage masa, da ko ya wuce saurin tasowa na kusan mita 9 zuwa 10 a minti ɗaya, da lokacin da zai tsaya na minti 3 a zurfin mita 5 kafin ya fito. Duk wannan lissafi yana rataye ne a kan wata 'yar roba da ƙananan fil guda biyu.

A wajenmu maɗauri ya fi saurin lalacewa, kuma dalilan a bayyane suke. Gishirin Bahar Maliya ya kai kusan giram 40 a kowace lita, alhali matsakaicin na sauran tekuna kusan 35 ne, kuma idan ruwan ya bushe yakan bar gishiri a cikin ramin fil ɗin da ke riƙe da maɗauri, har ɗan sifirin da ke cikinsa ya yi tsatsa ya daina komawa mazauninsa. Ga rana, ga zafin Jidda, ga al'adar barin jakar kaya a bayan mota tun daga hantsi har la'asar. Robar da ake yin yawancin maɗaurai na asali da ita tana tsufa ko da ba a amfani da ita, domin ɗumi da laima suna cin ta a hankali. Man kariya daga rana da maganin sauro da ake shafawa a hannu su ma suna ƙara mata rauni. Shi ya sa za ka ga kwamfutar da aka ajiye a aljihun tebur shekara biyu ko uku, a ido maɗaurinta lafiya lau, amma da an lanƙwasa shi sai ya karye. Alamomin ba su ɓuya ga mai dubawa: robar takan yi tauri ko ta yi danƙo a hannu, launinta ya koɗe, ƙananan tsaga su bayyana a gefen ramukan da harshen ƙarfe ke shiga, da kuma daidai wurin da ta haɗu da jikin na'urar.

Akwai wani dalili kuma da ba a cika lura da shi ba. Rigar nutso ta roba takan matse ta yi siriri idan aka yi zurfi, sai maɗaurin da ya kama hannu a sama ya yi sako-sako a ƙasa, kwamfutar ta riƙa juyawa. Domin gudun haka, masu nutso sukan ja maɗauri iya ƙarfinsu tun suna cikin jirgi, kullum a rami ɗaya, kuma a nan ne tsagewa ke farawa. Sau da yawa ba a cikin ruwa yake ƙarasa tsinkewa ba, sai a lokacin da mutum ke zura hannu cikin rigar da ke ɗauke da tulun iska, ko lokacin da ya faɗa ruwa daga gefen jirgi. Idan kuwa wurin irin gangaren murjanin Sanganeb ne ko Sha'ab Rumi a ɓangaren Sudan, inda bango ke miƙewa ƙasa har ido ya daina gani, to wannan kwamfuta an yi sallama da ita.

Yanzu ga inda nake da ƙorafi a kan 'yan'uwana. Bahaushe bai iya ganin abu ya lalace ya zura masa ido ba, kuma wannan hali ne mai kyau, amma a nan yana jawo ɓarna. Na ga wanda ya liƙe maɗauri da sufa gulu, na ga wanda ya ɗinke shi da zaren kamun kifi, na ga wanda ya ɗaure da waya. Gam irin wannan yana bushewa ya yi tauri, ba ya lanƙwasa tare da roba, kuma idan ya taɓa fuskar na'urar ko jikinta yakan ɓata su. Ɗinki kuwa sababbin ramuka yake hudawa a robar da ta riga ta mutu. Mafi muni shi ne wanda ya ɗauki abin huji ya huda jikin kwamfutar don ya zura igiya, ko ya naɗe ta da salatif har ya toshe ƙananan ramukan da ruwa ke shiga ya taɓa ma'aunin zurfi. Wanda ya toshe waɗannan ramuka ya mayar da na'urar maƙaryaciya, kuma gara a shiga ruwa da sanin cewa babu kwamfuta da a shiga da wadda ke ba da lissafin ƙarya. Idan ɓangare ɗaya na maɗauri ya karye saboda tsufa, ɗayan ma shekarunsu ɗaya, sai a canza su duka tare da fil ko sukurorinsu.

Gyaran da na fi amincewa da shi, kuma wanda masu nutso mai zurfi suka daɗe suna yi, shi ne igiyar roba mai lulluɓin zare, irin wadda ake ɗaure kaya da ita a bayan babur amma siririya, mai kaurin milimita 3 ko 4. Ana yanka ta gida biyu, a zura kowace a nata ramukan da aka tanada a jikin na'urar ko mazauninta, a ɗaure kowace da nata ƙulli, ta yadda za a samu zobe biyu da babu abin da ya haɗa su. Hikimar ke nan: idan ɗaya ta tsinke, ɗayar tana riƙe da kwamfutar har a fito. Wanda ya zura igiya ɗaya doguwa ta bi duk ramukan ya ɓata dabarar, domin tsinkewa ɗaya ta isa ta kwance komai. Sannan igiyar tana bin hannu, ta matse idan rigar ta yi siriri, ta saki idan an taso, don haka babu buƙatar jan da ke kashe maɗauri. A ƙona bakin zaren kaɗan da wuta don kada ya warware, a bar ɗan wutsiya bayan ƙulli, a gwada a kan rigar da za a sa, kada a matse har yatsu su yi sanyi. Kamfanin Shearwater na ƙasar Kanada yana fito da wasu kwamfutocinsa da ramukan wannan igiya tun daga masana'anta, kuma ga waɗanda ba su da ramuka ana sayar da mazauni na roba da ake zaunar da na'urar a ciki. Ga masu ƙirar agogo da fil biyu, maɗaurin nailan mai tsawo ɗaya da ke bi ta ƙarƙashin fil ɗin duka yana yin irin wannan aiki, domin ko fil ɗaya ya fita agogon yana rataye a ɗayan. Ita ma igiyar tana tsufa, ba shakka, amma tsufanta a fili yake, zaren yakan yi gashi, ta daina komawa idan an ja, kuma canza ta 'yan riyal kaɗan ne.

Masu shaguna su ma suna da nasu laifin. Wani shago da na je neman maɗaurin wata tsohuwar kwamfuta mai aiki garau ya ce mini an daina yin irinsa, sai dai in sayi sabuwa. Ga yaron da albashinsa bai taka kara ya karya ba, wannan amsa ita ce ke tura shi ga gam da waya. Ina ganin duk shagon da ke sayar da na'urar da rai ya dogara a kanta, wajibi ne ya ajiye maɗaurai da fil da igiya, kuma duk mai jirgi ya sa su a akwatin gyara tare da ƙaramin sukudireba.

Idan kuma ƙaddara ta faɗa, kwamfuta ta suɓuce ana tsakiyar nutso, to kada a bi ta ƙasa, komai tsadarta. A yi wa abokin nutso alama, a kawo ƙarshen nutson, a taso a hankali tare da shi, a yi tsayuwar mita 5, a ƙara mata lokaci idan iska ta isa. Kuskuren da na fi jin tsoro yana zuwa ne bayan an fito, lokacin da wani mai kirki zai ce, "Ɗan'uwa, karɓi tawa ka koma." Kwamfutar aro ba ta san naitirojin da ke jikinka ba, lissafin mai ita take ɗauke da shi, ko kuma ta ɗauka yau ba ka taɓa ruwa ba. Abin da ake koyarwa shi ne a haƙura da nutso, yawanci na sa'o'i 24 ko abin da littafin na'urar ya faɗa, kafin a fara da wata. Haka nan ƙa'idar jira kafin hawa jirgin sama tana nan, aƙalla sa'o'i 12 bayan nutso ɗaya, 18 bayan nutso da yawa. Mu mazauna Jidda muna da ƙarin abin kiyayewa, domin Ɗa'if tana kan tudun da ya haura mita 1,800, kuma wanda ya fito daga ruwa da rana ya kama hanyar Hada mai hawa zuwa can da yamma don shan iska ya jefa jikinsa cikin irin haɗarin hawa jirgi, ga shi kuma babu na'urar da za ta gargaɗe shi.

Ina roƙon manyanmu da suka daɗe a wannan aiki su koya wa sababbin yara wanke kwamfuta da ruwan daɗi bayan kowane nutso, da shanya ta a inuwa, da lanƙwasa maɗaurin a duba shi da ido kafin a miƙa wa baƙo ko a ɗaura a hannu. Na gode da wannan fili da aka ba ni.

Wassalam,
Wani mai karanta jaridarku,
Obhur, Jidda, Saudiyya