Amsa ga ƙanena da ya tambaye ni a kan 'yan ƙwallon Najeriya

Assalamu alaikum ƙanena,

Ranar Lahadi da aka tashi daga gidan kallo a Zongo ka tare ni gaban jama'a, da daddare kuma ka sake rubuta tambayar a Facebook don kada in zille. Ka ce: "Koci, kullum kana cika mana kunne da 'yan ƙwallon Najeriya. In da gaske gwanaye ne, ina nasu Eto'o, ina Drogba, ina Salah? Su je Turai a yi shekara biyu ana jin su, sai su ɓace." Tunda a fili ka tambaya, a fili zan ba ka amsa.

Ba a haife ka ba lokacin da Nwankwo Kanu da Finidi George suka ɗauki kofin zakarun Turai da Ajax a 1995. Shekara guda bayan nan Kanu ya ci zinare a gasar Olamfik ta Atlanta, ya koma Inter Milan, sai likitoci suka gano ciwo a zuciyarsa. Aka yi masa aiki, mutane da yawa suka ce ƙwallonsa ta ƙare. A 1999 ya shiga Arsenal. A shekarar ne Chelsea ta sa musu biyu ba ko ɗaya, shi kaɗai ya rama uku cikin minti goma sha biyar na ƙarshe. A fadarmu ta Birni muka kalli wasan, shayi ya ƙone a kan gawayi ba wanda ya kula. Wannan mutumin ne kuma ya ci ƙwallon da ta ba Portsmouth kofin FA a 2008. Ƙirga da kanka shekara nawa ke nan. Mikel Obi, haifaffen Jos, ya zauna a Chelsea daga 2006 zuwa 2017, da kofin zakarun Turai na 2012 a hannunsa. Rashidi Yekini, Allah ya jiƙansa, ya fi kowa cin ƙwallo a gasar Fotugal a kakar 1993-94, yana Setubal, ƙungiyar da ba ta cikin manya. Mai tsaron gida Vincent Enyeama ya tsare ragar Lille ta Faransa minti 1,062 ba a zura masa ba.

Duk da haka ba zan ce ba ka da gaskiya ko kaɗan ba. Najeriya ta ɗauki kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 har sau biyar: 1985, 1993, 2007, 2013 da 2015. Ina yaran? Macauley Chrisantus ya fi kowa cin ƙwallo a 2007, Hamburg ta ɗauke shi, bai samu gurbi ba. Sani Emmanuel shi ne gwarzon gasar 2009, ya tafi Lazio, shiru. Wannan abu yana ci mini rai, domin na ga ƙafar yaran nan, kuma ba ƙarya a cikinta.

Abin da na fahimta, bayan shekarun da na yi ina horar da yara a filin ƙasa, shi ne ƙofar da yaro ya fara shiga a Turai ita ke yanke masa rabin tafiya. Dubi Victor Osimhen. Ya ci ƙwallo 10 a gasar 2015, Wolfsburg ta Jamus ta ɗauke shi, ya sha zaman benci da rauni, bai ci ko ɗaya ba. Da a nan aka tsaya, da yau sunansa na cikin waɗanda kake cewa sun ɓace. Sai aka ba da shi aro ga Charleroi ta Beljiyam, inda ake sa shi wasa kowane mako. Daga nan Lille, daga nan Napoli, wadda ya ci wa ƙwallo 26 a kakar da ta ɗauki kofin Italiya a 2023 bayan shekara 33 tana jira. Ƙafar da ta kasa a Jamus ita ce dai ta yi wannan aiki a Italiya.

Ahmed Musa ma haka. Daga Kano Pillars ya sauka a VVV-Venlo ta Holand, ƙaramar ƙungiya, ya koyi sanyi da tsarin wasa a hankali, sannan ya yi fice a CSKA Moscow. Da ya je Leicester a 2016 abin bai karɓe shi ba. Amma mutumin da ya ci Ajantina biyu a gasar kofin duniya ta 2014, ya ci Aisland biyu a ta 2018, ba za ka ce mini bai iya ba. Mu ma a Nijar mun ɗanɗana wannan. Musa Ma'azu namu na Mena, ƙungiyar ƙasarmu, ya yi wuta a Lokeren ta Beljiyam, ya yi tsalle zuwa CSKA a 2009, daga nan aka shiga ba da shi aro, yau Monaco, gobe Bordeaux.

In kuma manyan ƙungiyoyi irin su Barcelona kake nufi, ga misali. Emmanuel Amunike ya je can a 1996, gwiwa ce ta hana shi. Kuma in manyan darare kake nema, a 2024 Ademola Lookman ya ci wa Atalanta uku a wasan ƙarshe na kofin Europa, a ragar Leverkusen da ba wanda ya doke ta duk kakar. Na san za ka ce a Landan aka haife shi, a can ya koyi ƙwallo. Na yarda, kuma wannan ma yana nuna abin da tarbiyyar fili mai kyau tun ƙuruciya take ƙarawa.

Dalilin da ya sa na tsawaita shi ne yaranmu na nan Damagaram. Bara wani dillali ya zo wa ɗaya daga cikin yarana da takardu, ya ce zai kai shi gwaji Turai in an biya kuɗin jirgi da biza. Mahaifinsa ya sayar da fili. Yaron ya yi wata huɗu a wata ƙasa bai taka ciyawa ba, ya dawo yana jin kunyar fitowa atisaye. Har yau ina zuwa gidansu ina lallashinsa.

Na ji an ce an kawo wa ƙanenka mai buga lamba tara irin waɗannan takardu. Kada kowa ya sa hannu. Ka kawo mini su ranar Alhamis bayan la'asar, ina fili, mu karanta tare, mu nemi sunan ƙungiyar da lasisin mutumin. Ka zo da shi da takalmansa.

Ka gaishe da su Baba.

Yayanka,
Koci